Auna Inshorar Lafiya Mai Babban Kason Farko da Asusun Ajiyar Magani: Lacca ga Ma'aikatanmu da Ke Amurka

 Ya shugaban taro, malamaina, iyayena maza da mata, da sauran 'yan'uwa mutanen Nijeriya da Nijar da Gana waɗanda neman halali ya tara mu a wannan birni na Niyok.

Dattawan da suka shirya wannan zama sun umurce ni in yi bayani a kan wata mas'ala wadda take zagayowa kowace shekara idan sanyi ya fara shigowa, wato tsakanin watan Oktoba da Nuwamba, lokacin da wuraren aiki suke raba wa ma'aikata takardu, su ba su mako biyu ko uku su zaɓi irin inshorar lafiyar da za su zauna a kanta shekara mai zuwa. Wanda kuwa ya zaɓa ya zaɓa ke nan har shekara ta kewayo, sai fa idan wani babban al'amari ya auku a gidansa, kamar aure ko haihuwa ko rabuwar iyalinsa da tasu inshorar. Na san a cikinmu akwai direbobin tasi da 'yan kasuwa waɗanda ba su da ubangidan da zai miƙo musu irin wannan takarda, amma ina roƙon su yi haƙuri su saurara, domin da yawansu a ƙarƙashin inshorar matansu suke, masu aikin jinya a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, kuma shawarar ta gida ce gaba ɗaya.

Ya kamata mu fara sanin dalilin da ya sa lafiyar mutum a wannan ƙasa take rataye a wuyan aikinsa, domin ba haka al'amarin yake a Ingila ko Kanada ba. A shekarar 1929 asibitin Jami'ar Baylor da ke Dalas ya ƙulla yarjejeniya da malaman makaranta, kowane malami ya riƙa biyan santi 50 a wata, idan ciwo ya kwantar da shi a yi masa jinya har kwana 21, kuma daga wannan ne tsarin inshorar Blue Cross ya samo tushe. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, hukuma ta hana ƙarin albashi a 1942 don tsoron hauhawar farashi, alhali kuwa masana'antu suna neman ma'aikata ido rufe. Da aka yanke cewa inshorar lafiya ba ta cikin albashin da aka ƙayyade, sai kamfanoni suka shiga jawo ma'aikata da ita, daga baya kuma dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa abin da ubangida ya biya wa ma'aikaci na inshora ba a cire masa haraji. Abin da aka yi domin larurar yaƙi ya zama al'ada, har ya kai yau. Nauyin kuwa bai tsaya wuri ɗaya ba: binciken da cibiyar KFF take yi kowace shekara ya nuna cewa a 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki ya kai dala 25,572, ma'aikaci yana biyan kimanin 6,296 daga ciki, ubangida yana ɗaukar ragowar. Wanda ya ga wannan adadi ba zai yi mamaki ba idan ya ji cewa kamfanoni sun daɗe suna neman hanyar da za su mayar da wani sashe na kayan a kan ma'aikaci, kuma inshora mai babban kason farko ita ce hanyar da suka fi samun sauƙinta.

Abubuwa huɗu ne suke cikin kowace takarda, wanda bai rarrabe su ba kuwa bai san abin da ya sa wa hannu ba. Akwai kuɗin wata, wanda ake yanka daga albashi ko mutum ya ga likita ko bai gani ba. Akwai kason farko, wanda takardun suke kira didaktibul, shi ne adadin da majinyaci zai biya daga aljihunsa a cikin shekara kafin kamfanin inshora ya fara sa hannu. Bayan an cika wannan sai a shiga rabon tarayya, inda sau da yawa majinyaci yake biyan kashi 20 cikin ɗari, kamfani ya biya 80. Na huɗu shi ne iyakar shekara, wato adadin da idan abin da mutum ya biya ya kai shi, kamfani zai ɗauki dukkan sauran har ƙarshen shekara, da sharaɗin an je wurin likitoci da asibitocin da suke cikin yarjejeniyar kamfanin. Galibin mutanenmu na farkon kaɗai suke dubawa, saboda shi ne ake gani a takardar albashi. Ni kuwa da za a ce in zaɓi guda ɗaya in duba, da na huɗun zan duba, domin shi ne yake faɗa wa mutum iyakar asarar da za ta iya samunsa a shekarar da Allah ya jarrabe shi.

Hukumar haraji ta tarayya, IRS, ita ce take ƙayyade wace inshora ce ta cancanci a kira ta mai babban kason farko, kuma tana sake adadin kowace shekara. A 2025 wajibi ne kason farko ya kai aƙalla dala 1,650 ga mutum ɗaya ko 3,300 ga iyali, iyakar shekara kuwa kada ta wuce 8,300 ga mutum ɗaya ko 16,600 ga iyali. A ƙarƙashin irin wannan inshora babu zancen ba da dala ashirin ko talatin a ga likita kamar yadda aka saba a tsohon tsari. Majinyaci zai biya cikakken farashin da kamfanin ya daidaita da likitan, haka ma a kantin magani, har sai kason ya cika. Abin da aka togace shi ne rigakafi, domin tun dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da sunan Shugaba Obama, duba lafiya na shekara da allurar yara da wasu gwaje-gwajen gano ciwon daji da wuri ba a karɓar ko sisi a kansu. A 2019 kuma hukumar ta ba da izini a sanya wasu magungunan cututtuka masu daɗewa, irin su insulin da wasu magungunan zuciya da na asma, cikin abin da inshora za ta iya biya tun kafin kason ya cika. Ku lura, har da insulin da wata doka ta 2022 ta ƙara ƙarfafa matsayinsa, izini ne aka bayar, ba tilas aka yi ba, saboda haka sai mutum ya duba tasa takardar.

To, mene ne ladan wanda ya yarda ya ɗauki wannan nauyi? Na farko kuɗin watansa yana raguwa. Na biyu, wanda shi ne babba, doka ta ba shi ikon buɗe asusun ajiyar magani da ake kira HSA, wanda aka ƙirƙira a cikin dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Disamba na 2003, ya fara aiki a farkon 2004. A 2025 mutum ɗaya yana iya zuba dala 4,300 a ciki, iyali 8,550, wanda ya kai shekara 55 kuma a ƙara masa 1,000, kuma abin da ubangida ya zuba yana cikin wannan lissafi. Kuɗin yana shiga ba haraji, yana haɓaka ba haraji, yana fita ba haraji muddin a kan magani aka kashe shi; idan kuma ta hanyar yankan albashi ya shiga, har harajin fansho da na inshorar tsofaffi ta Medicare, wanda yake kashi 7.65 cikin ɗari, ba ya taɓa shi. Babu wani asusu a dokar harajin wannan ƙasa da ya tara waɗannan falaloli gaba ɗaya. Mallakar ma'aikaci ne, ba ya ƙonewa idan shekara ta ƙare, yana bin mai shi idan ya sake wurin aiki, kuma babu wa'adin da aka yanka na karɓar abin da mutum ya kashe, ta yadda wanda ya biya kuɗin asibiti daga aljihunsa bana ya adana rasit zai iya cire kwatankwacinsa bayan shekara goma, matuƙar dai an yi jinyar bayan buɗe asusun. Amma wanda ya ciri kuɗin domin wata buƙata daban kafin ya kai shekara 65 zai biya haraji, a ƙara masa tarar kashi 20 cikin ɗari. Bayan 65 tarar tana faɗuwa, haraji kaɗai ya rage, sai dai daga ranar da mutum ya shiga Medicare ba shi da ikon ƙara zubawa. 'Yan'uwanmu da suke ƙetaren kogi a jihar Niyu Jasi su sani cewa jiharsu, ita da Kalifoniya, ba ta yarda da wannan rangwame ba a harajin jiha, na tarayya kaɗai za su samu.

Akwai wani asusu da ya girme shi, mai suna FSA, wanda ya samo asali daga dokar haraji ta 1978, kuma kamannin sunayen ya rikita mutane da yawa, alhali ɗabi'unsu sun saɓa. Shi FSA ba ya buƙatar inshora mai babban kaso, ana iya haɗa shi da tsohon tsari. Iyakarsa a 2025 dala 3,300 ce. Aibinsa shi ne abin da ya rage a ƙarshen shekara yana komawa ga ubangida, sai fa idan wurin aikin ya yarda a tsallakar da abin da bai wuce 660 ba a lissafin 2025, ko ya ba da ƙarin wata biyu da rabi, kuma ba a haɗa wa mutum sassaucin biyu. Amma yana da wata falala da ba a cika faɗa ba: dukkan adadin da ma'aikaci ya yi alkawarin zubawa a shekara yana hannunsa tun ranar farko ta Janairu, ko da ba a yanki ko kwabo daga albashinsa ba tukuna. HSA ba haka yake ba, abin da ya riga ya shiga shi kaɗai ake iya cirewa. Ga kuma wani tarko da magidanta suke faɗawa ba da saninsu ba: idan uwargida ta buɗe FSA na gama-gari a wurin aikinta, maigida ya rasa ikon zuba kuɗi a HSA ɗinsa, domin doka tana ɗaukar cewa asusunta ya rufe shi shi ma, wanda aka halatta a haɗa da HSA shi ne FSA da aka taƙaita ga haƙori da ido. Ashe kuwa takardun nan ba abin da miji zai cike a ofis, mata ta cike a nata, kowa ya yi gum ba ne.

Yanzu bari mu yi lissafi, da adadin da na ƙaga domin misali kawai. A ce an ba Malam wane zaɓi biyu domin iyalinsa. Tsohon tsari: dala 500 a wata, kason farko 1,000, iyakar shekara 6,000. Sabon tsari: dala 300 a wata, kason farko 4,000, iyakar shekara 8,000, ubangida kuma zai zuba masa 1,000 a HSA. Rabon tarayya kashi 20 ne a duka biyun. Tun kafin kowa ya yi tari a gidan, sabon tsari ya riga ya wuce gaba da dala 3,400, wato 2,400 na ragin kuɗin wata da 1,000 na ubangida. A shekarar da kuɗin asibiti ya tsaya a 500, tsohon tsari zai ci masa kimanin 6,500, sabo 3,100. A shekarar da kuɗin ya kai 5,000, tsoho zai ci 7,800, sabo 6,800. A shekarar musiba kuwa, wadda aka kai iyaka, tsoho 12,000, sabo 10,600, kuma duk wannan ban sa ragin haraji a ciki ba. Amma a sauya abu biyu kacal, a ce bambancin kuɗin wata dala 100 ne, ubangida kuma ba ya zuba komai, nan take sai matsakaiciyar shekara ta koma 9,000 a sabon tsari, shekarar musiba 12,800, tsohon tsari ya yi rinjaye a duka biyun. Saboda haka wanda ya ce muku wannan tsari alheri ne ga kowa, da wanda ya ce zamba ce tsantsa, dukkansu sun yi hukunci kafin su ji shaidu. Kowa ya ɗauki alƙalami ya jera shekaru ukun nan da adadin tasa takardar.

Adalci ne in faɗa cewa tsoron babban kaso yana sa mutane asara ta gaske. A wani bincike da Saurabh Bhargava da George Loewenstein da Justin Sydnor suka buga a 2017, sun duba zaɓin dubban ma'aikatan wani babban kamfani, suka tarar fiye da rabinsu sun ɗauki tsarin da ya fi wani tsada a kowane hali, da lafiya da rashinta, mafi yawa saboda sun biya ƙarin kuɗin wata da ya zarce ragin kason da suka saya da shi. Masu ƙaramin albashi kuma su suka fi faɗawa cikin wannan. Da lissafi kaɗai ne al'amarin, da na ce muku ku yi shi ku bi abin da ya nuna, mu tashi.

Sai dai akwai abubuwa biyu da alƙalami ba ya kamawa, kuma a kansu nake so in daɗe. Na farko lokaci ne. Ragin kuɗin wata yana zuwa kaɗan-kaɗan, dala ɗari biyu yau, ɗari biyu wata mai zuwa, shi kuwa ciwo ba ya jiran asusu ya cika. Yaro yana iya zamewa a kan ƙanƙara ya karye a mako na biyu na Janairu, takardar dala dubu huɗu ta iso gida alhali abin da ke cikin asusun bai kai ɗari uku ba, musamman idan ubangida yana rarraba nasa kason a kan watanni. Binciken Babban Bankin Amurka na 2023 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na manya ne kawai za su biya larurar dala 400 da kuɗin hannu ko makamancinsa. To, ina ga dubu huɗu? Wanda ya rasa sai ya ɗora a kan katin bashi, ruwan da ke kansa ya cinye ribar da lissafi ya yi masa alkawari, ga kuma haramcin riba. Mutanen Kumasi da Nima da ke cikinmu suna tune da zamanin da asibitocin Gana ba sa taɓa majinyaci sai ya ajiye kuɗi, kafin dokar inshora ta 2003. A nan ba a korar mutum daga sashen gaggawa, domin dokar 1986 ta hana, amma takardar bashi tana biyo shi har gida.

Na biyu ya fi wannan haɗari, domin a zuciya yake. Hujjar waɗanda suka kawo wannan tsari ita ce, idan mutum yana jin zafin kuɗin a jikinsa zai bar zuwa asibiti a kan abin da bai kai ya kawo ba, zai kuma nemi inda ya fi araha. An gwada wannan da'awa. Cibiyar RAND ta yi wani babban gwaji daga 1974 zuwa 1982 a ƙarƙashin jagorancin Joseph Newhouse, aka rarraba dubban iyalai ta hanyar ƙuri'a, wasu magani kyauta, wasu da kaso mai nauyi. Waɗanda aka fi ɗora wa nauyi sun kashe kimanin kashi 30 cikin ɗari ƙasa da na kyauta, kuma lafiyar matsakaicin mutum ba ta nuna ta taɓu ba. Masu goyon bayan tsarin a nan suke tsayawa. Amma gwajin ya nuna cewa mutane sun rage magani mai amfani da marar amfani kusan daidai wa daida, saboda majinyaci ba likita ba ne da zai bambance su, kuma talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi a inda ba a karɓar kuɗi. Bayan shekaru da yawa Zarek Brot-Goldberg da Amitabh Chandra da Benjamin Handel da Jonathan Kolstad suka bi diddigin wani kamfani da ya mayar da ma'aikatansa duka kan babban kaso, suka buga sakamakon a 2017: kashe kuɗi ya ragu da kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, amma ba su ga alamar cewa mutane sun koyi neman araha ba, zuwa likita kawai suka rage, har da rigakafin da ba a biyan komai a kansa. Waɗannan kuwa ma'aikata ne masu albashi mai tsoka, kamfani kuma ya zuba musu kuɗi a asusu.

Idan wannan ya faru ga mawadata, yaya zai kasance gare mu, mu da muka taso da ɗabi'ar daurewa, muna ganin kwanciya a asibiti kamar ragwanci, ga hawan jini da ciwon suga sun yi mana katutu, ga kuma waya tana ƙara daga Kano ko Maraɗi ko Tamale kowane ƙarshen wata? Magidancin da ya san cewa ganin likita zai ci masa dala ɗari biyu, a makon da ƙaninsa yake jiran kuɗin makaranta, na rantse ba zai je ba. Zai sha abin da ya samu, ya ce gobe. Wannan shi ne ainihin abin da nake so kowa ya auna, kuma ba wanda zai auna masa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ra'ayina, ba tare da kewaye-kewaye ba, shi ne inshora mai babban kason farko ba ta halatta ga mai hankali sai tare da asusunta a cike. Wanda zai ɗauke ta, ya umurci ofishin albashi tun ranar farko su riƙa zuba aƙalla dukkan ragin kuɗin watan a cikin HSA kafin ya gan shi da idonsa, ya kuma tabbata yana da abin da zai rufe kason farko idan larura ta riga asusun cika, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ɗauke ta don albashinsa ya ƙaru da ɗari biyu ya aika gida, bai rage tsadar magani ba, jinkirta ta kawai ya yi zuwa ranar da ba shi da ƙarfin ciniki. Har ma ina ganin tarar kashi 20 ɗin nan da ake kuka da ita rahama ce a gare mu, domin ita ce kaɗai uzurin da zai hana mutum fasa ajiyarsa saboda biki ko suna, kuma dangi su karɓa ba tare da zargi ba.

Matashi mai lafiya, da magidancin da yake da 'yar ajiya kuma ubangidansa yana zuba kaso mai kyau, su ne tsarin ya fi yi wa daidai. Mai shan magani mai tsada kowane wata ya nemi jerin magungunan kowane tsari ya ga nawa nasa zai tsaya masa, domin a tsohon tsari sau da yawa ƙayyadajjen kuɗi kaɗan ake biya tun daga farko, kuma FSA yana iya ɗaukar wannan ba haraji. Gidan da ake sa ran haihuwa su yi lissafinsu a kan shekarar iyaka, su kuma tuna cewa cikin da aka fara awonsa a Satumba aka sauka a Afrilu ya ratsa shekara biyu, kowace da nata kason farko. Jaririn kuma a sanya shi cikin inshora kafin kwana 30 su wuce. Masu iyali su tambaya musamman ko kason na kowane mutum ne daban a cikin na iyali, ko kuwa dunƙulalle ne wanda sai an cika shi duka kafin a biya wa ko mutum ɗaya. Jumla guda ce a takarda, amma tana iya zama bambancin dubban daloli.

Tambayar da na san tana zukatan da yawa ita ce ko za a iya biyan jinyar iyaye da ke gida daga wannan asusu. A galibin hali ba za a iya ba, domin asusun na mai shi ne da matarsa da waɗanda dokar haraji ta yarda suna ƙarƙashinsa, ita kuwa dokar ta shardanta cewa irin wannan mutum ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mazauninta, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Gyatumar da take Zinder ba ta shiga, komai yawan abin da ake aika mata. Amma idan mai asusun ne da kansa ya je ganin gida ciwo ya kama shi, aka yi masa magani a asibiti, yana iya biya daga ciki, ya riƙe rasit. Haka nan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da likita yake rubutawa kafin tafiya.

Game da hukuncin shari'a, ga malamai a zaune, ba zan shiga gabansu ba, sai dai in ajiye musu surar mas'alar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disamba 1985, ta hukunta cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai ɓata ciniki, ta halatta ta taimakon juna, irin wadda aka fara kafa wa kamfani a Sudan a 1979. Shaihu Mustafa Zarƙa kuwa tun kafin nan ya tafi a kan halacci, kuma malamai da yawa a ƙasashen nan suna ba da fatawa da larura, ganin cewa jinya guda tana iya tsiyata gida. Abin da zan ƙara musu shi ne yawancin ma'aikatan da suke da inshora ta wurin aiki, musamman a manyan kamfanoni, ubangida ne yake biyan kuɗin jinyarsu daga dukiyarsa, kamfanin inshora aikin rubutu da lissafi kawai yake yi, wannan kuwa yana iya sauya surar. Shi asusun HSA ajiya ce ta mutum, ba garari a cikinsa, amma bankin da ke riƙe da shi yakan ɗora ɗan ruwa a kan kuɗin, kuma hannayen jarin da ake tayi a ciki ba duka ne suka tsira daga haram ba. Wasu masu riƙon asusun suna barin mutum ya zaɓi nasa jarin, kuma doka ta ba shi ikon ɗauke kuɗinsa zuwa inda ya ga dama. Zakka a kan dukiyar da mallakarta ta tabbata amma cirarta take da tara, malaman wannan zamani sun yi saɓani a kai, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi.

Saura magana ɗaya, ita ce gado. Ranar da ake buɗe asusun ana ba mutum gurbi ya rubuta sunan wanda zai karɓi kuɗin bayan ransa, kuma wannan suna shi banki zai bi, ko da wasiyya ta faɗi wani abu daban. Idan mata ce ko miji, asusun yana komawa nasa da dukkan falalarsa. Idan ɗa ne ko ɗan'uwa, asusun ya daina zama HSA daga ranar rasuwa, kuma dukkan abin da ke ciki za a lissafa shi cikin kuɗin shigar magajin na wannan shekara, a cire haraji. Dabarar haraji tana cewa a rubuta mata ita kaɗai, ilmin fara'ili kuwa ya ba ta tumuni idan akwai 'ya'ya, saura na sauran magada. Wanda asusunsa ya fara nauyi ya zauna da malami da lauya a zama guda, ya kuma sanar da iyalinsa a rubuce abin da aka daidaita a kai, kada ya bar wa matarsa rigima da 'yan'uwansa a kan kuɗin da banki ya riga ya miƙa mata.

Ya shugaban taro, na ga hannaye sun fara tashi daga sahun iyayenmu mata, kuma su suka fi mu sanin takardun nan, sai a ba su dama su fara.